Dokar da ta hana Messi buga wasa ɗaya a Amurka

Tun da hukumar MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta Amurka, ta hana Lionel Messi da Jordi Alba buga wasan ƙungiyarsu Inter Miami da FC Cincinnati a watan Yulin 2025 saboda ba su je wasan taurarin gasar da aka zaɓe su ba, ake ta ji-ta-ji-ta a gidajen kallon ƙwallo. Wani ya ce rashin ladabi Messi ya yi, wani ya ce bi-ta-da-ƙulli ake masa. Dokar da ta kama shi tsohuwa ce, kuma a 2018 ta kama Zlatan Ibrahimović lokacin yana LA Galaxy.

Kowace shekara a tsakiyar kakar wasa, gasar na haɗa tawagar zaɓaɓɓun taurari su buga wasa ɗaya na nishaɗi. A 2025 sun kara da taurarin gasar Meziko a birnin Austin ranar 23 ga Yuli. Cikin 'yan wasa 26 da aka fara sanarwa, 12 ƙuri'a ta fitar, 12 koci ya ɗauka, biyu kuma kwamishinan gasar Don Garber ya zaɓa. Ƙuri'ar ma ba ta magoya baya ce kaɗai ba, an raba ta gida uku tsakaninsu da 'yan wasa da 'yan jarida. Ta nan Messi da Alba suka shiga.

Inda ake rikicewa shi ne hukuncin. Duk wanda aka zaɓa ya ƙi zuwa ba tare da ya samu izinin hukumar tun da wuri ba, ba zai buga wa ƙungiyarsa wasan da ke gaba ba. Wasa ɗaya tak, ba a rage wa ƙungiyar maki, kuma yana wucewa ɗan wasan ya dawo fili. Mai rauni ana iya ɗaga masa ƙafa idan hukumar ta amince. Wanda ya ce hutu kawai yake so, ba shi ke yanke wa kansa ba.

Hukumar na da hujjarta: masu tallata kaya da 'yan kallo sun biya ne don ganin waɗanda aka zaɓa. Sai dai Messi na da shekara 38 a lokacin, ga shi ƙungiyarsa ba ta daɗe da fitowa daga gasar cin kofin duniya na ƙungiyoyi ba. Kuma waɗanda suka fi shan kashin su ne magoya bayan Miami da suka sayi tikitin wasan da ake neman maki a cikinsa, aka tashi babu ci, tauraronsu na zaune a gefe. A ganina dokar ta yi tsauri, kuma Garber da kansa ya ce za su sake duba ta.