Rikicin tsufa da lafiyar maza: nawa ne gado a ciki?

Mahaifina ya rikice a tsufansa har ya daina gane 'ya'yansa. Ni ma haka zan ƙare?

Ba dole ba. Cutar mantuwa ta Alzheimer wadda ke bin jini kai tsaye daga iyaye zuwa 'ya'ya ba ta kai kashi 1 cikin 100 na masu cutar ba, kuma tana kama mutum da wuri, wani lokaci tun yana ɗan shekara 40 da 'yan kai. Mafi yawan abin da ake gada hatsari ne kawai. Ƙwayar halittar da ta fi suna a nan ita ce APOE, mai iri uku: e2, e3 da e4. Wanda ya gaji e4 daga ɗaya cikin iyayensa, hatsarinsa ya ninka kusan sau uku. Wanda ya gaje ta daga duka biyun, kusan sau goma. Duk da haka, akwai dattijo mai e4 biyu da zai ba ka labarin ƙuruciyarsa tiryan-tiryan, akwai kuma wanda ba shi da ita ko ɗaya amma ya manta inda ya ajiye takalminsa.

Ta yaya aka raba gado da tarbiyya?

Da tagwaye. Waɗanda suka fito daga ƙwai ɗaya ƙwayoyin halittarsu iri ɗaya ne, sauran tagwaye kuwa rabi suka haɗa. A 1997 aka wallafa bincike kan tagwayen Suwidin masu shekara 80 zuwa sama, aka ga kusan kashi 60 na bambancin kaifin ƙwaƙwalwa a tsakaninsu daga gado yake. Tsawon rai kuwa ba haka ba: binciken tagwayen Denmak ya nuna gado bai wuce kusan kashi ɗaya bisa huɗu ba.

Akwai abin da ya shafi maza kaɗai?

Akwai, kuma shi ya fi ba ni mamaki. Kuromosom Y, wanda ke sa jariri ya zama namiji, yakan fara ɓacewa daga wasu ƙwayoyin jini yayin da mutum ya manyanta. Ba gadonsa ake yi ba, a jikin mutum yake faruwa sannu a hankali, ba ciwo ba alama. An danganta shi da gajeren rai, da ciwon daji (kansa), da mantuwa, kuma gwajin da aka yi a kan ɓeraye a 2022 ya nuna yana sa tsokar zuciya ta yi tauri. Masu shan taba sun fi kowa samunsa, waɗanda suka daina kuma ba su kai masu sha ba.

Sai kansar furostet, wato ƙululun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa ya yi ta, hatsarinsa ya ninka kusan sau biyu, don haka ya faɗa wa likita tun kafin fitsari ya fara yi masa gardama.

To in je a gwada ni in ga ko ina da e4?

A ganina, mai lafiya ba abin da zai ƙaru da shi sai fargaba. Kwamitin mujallar likitanci ta Lancet a 2024 ya lissafa abubuwa 14 da za a iya gyarawa, waɗanda ke da hannu a kusan kashi 45 na cutar mantuwa, daga ciki akwai hawan jini, ciwon suga, taba, giya, zaman kaɗaici, da raunin ji. Dattijon da ya daina zuwa taro saboda ba ya jin abin da ake faɗa, gwajin kunne ya fi masa amfani.