Gidaje na ta ƙaruwa a Abuja: me hakan ke yi wa tafkin Jabi da madatsar Usuma?

Ruwan famfon Abuja daga madatsar Usuma da ke Ushafa yake fitowa, ana kuma ƙara mata da ruwan Gurara ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 75. Tafkin Jabi kuwa gidaje da kantuna sun riga sun zagaye shi. Ga tambayoyin da masu gini da masu sayen fili suka fi yi.

Gidana yana nesa da tafki. Ina ruwansa da ni?

Ruwa gangara yake bi, bai san katanga ba. Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 lita guda ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 200, in aka tafka ruwa milimita 50, zai zubar da lita 10,000. Da can ƙasa ke shanye mafi yawa. Yanzu an shafe tsakar gida da siminti, duka sai ya kwarara lambatu, ya kwashi leda, baƙin mai da ruwan wanki, ya faɗa rafi, rafi ya miƙa wa tafki.

Me ya fi lalata ruwan?

Laka da najasa. Lakar daga filayen da buldoza ta kankare ana tsakiyar damina take zuwa. Dubi lambatun gefen sabon gini bayan ruwa ya ɗauke, za ka ga jar ƙasa ta kwanta har rabinsa. Irinta ce ke cike gindin tafki, ya rage yawan ruwan da yake riƙewa.

Najasa ta fi wayo. Tana ɗauke da naitirojin da fosfaros, waɗanda taki ne ga gansakuka da kainuwa. Sai ruwa ya yi kore. In gansakukar ta mutu, ƙwayoyin da ke ruɓar da ita su cinye iskar da ke cikin ruwan, shi ya sa a kan wayi gari a ga kifi birkice ciki sama. A matatar ruwa kuma sai an ƙara alif da kulorin, matatun yashi su riƙa toshewa da wuri.

Ai kowane gida yana da sokawe. Ba ta wadatar ba?

Nan ne gizo ke saƙar. Bututun najasa na gari, wanda ke kai ta matatar najasa ta Wupa, ya fi ratsa tsofaffin unguwanni irin su Garki, Wuse, Maitama da Asokoro. Yawancin garuruwan gefe da sokawe suka dogara.

Ita kuwa abu biyu ce: tanki mai ɗaki biyu da aka shafe da siminti don kaurin ya kwanta, sai ramin da ƙasa ke tsotse tsararon. Magina da yawa rami ɗaya suke haƙawa su ce an gama. Kuma ƙasa ce ke yin tacewar, saboda haka a wuri irin Mpape, inda dutse ke kusa da sama, ruwan sai ya bi tsagar dutse ya ɓulla a rafi yadda ya shiga. Kafin a yi gini, a haƙa ramin gwaji a cika shi da ruwa. In ya kwana bai tsotse ba, wurin bai dace ba. A bar aƙalla mita 30 tsakanin sokawe da rijiya, burtsatse ko rafi, a kuma kwashe tankin da zarar kaurin ya kai kashi ɗaya cikin uku. A tambayi direban motar kwasa inda zai zubar, don akwai masu juyewa a kwari da dare.

To a daina gini ke nan?

A'a, mutane na ta shigowa, dole su sami wurin kwana. Matsalar ita ce ana soma abu daga ƙarshe: a gina, a sayar, sannan a tuna da kwalbati. A ɗauka rukuni ne mai gida 500, kowane da mutum 6, kowa na amfani da lita 100 a rana. Lita 300,000 ke nan, kuma kusan kashi 80 cikin 100 zai fito a matsayin ƙazamin ruwa. Wannan ya fi ƙarfin sokawe, ƙaramar matata yake buƙata, da wutar da ba ta yankewa da wanda zai kula da ita. A ganinmu, bai kamata a ba da izinin tarewa ba sai an ga tana aiki.

Zan sayi fili. Me zan duba?

Je ka gan shi a watan Agusta, ba da rani ba. Ambaliyar da ake yawan yi a Lugbe da Lokogoma ta isa ishara. Nemi amincewar sashen kula da gine-gine na birnin, in babban rukuni ne kuma a nuna maka rahoton tasirinsa ga muhalli, wanda dokar 1992 ta tanada. Sannan ka bi lambatun da ƙafa har inda ya ƙare. In a katangar maƙwabci ya tsaya, ko kwalbatin ya fi rafin da ke shigarsa ƙanƙanta, kada ka biya ko kobo.