Auna Ƙarfin Al'umma a Shirye-shiryen Inganta Lafiya

Auna ƙarfin al'umma hanya ce ta gane ko mutanen gari ko na unguwa sun kai matsayin riƙe al'amuran lafiyarsu da kansu, musamman a shirye-shiryen da gwamnati ke ɗaukar nauyinsu. Ƙirgen allurar rigakafi ko gidajen sauron da aka raba yana nuna aikin da shiri ya yi. Wannan awon kuwa yana neman sanin abin da zai saura a hannun jama'a ranar da kuɗin shirin ya ƙare.

Tarihi

Tushen maganar yana komawa ga taron kiwon lafiya na duniya da aka yi a birnin Alma-Ata a Satumba 1978, a tsohuwar Tarayyar Sobiyet, inda aka ayyana cewa jama'a suna da haƙƙi, kuma nauyi ne a kansu, su sa hannu wajen tsara kiwon lafiyarsu da gudanar da shi. A Nuwamba 1986 taron Ottawa na ƙasar Kanada ya fitar da fannoni biyar na inganta lafiya, ɗaya daga ciki shi ne ƙarfafa aikin al'umma. A 1987 kuma ministocin lafiya na Afirka suka amince da tsarin Bamako, wanda ya ba kwamitocin gari hannu a kuɗin magani na ƙananan asibitoci, kuma Najeriya da Nijar duk sun bi wannan tsari.

Kowa ya yarda a sa jama'a a ciki, amma yaya za a tabbatar an sa su? A 1988 mai bincike Susan Rifkin da abokan aikinta biyu, Muller da Bichmann, suka fito da zanen da ake kira saƙar gizo-gizo. Layuka biyar ne suke fita daga tsakiya: gano buƙatu, shugabanci, tsarin ƙungiya, tara dukiya da kayan aiki, sai gudanarwa. Ana ba kowane layi maki daga 1 zuwa 5 a haɗa ɗigogin, in saƙar ta yi faɗi shigar jama'a ta yi faɗi ke nan. An gwada shi a Nepal, kuma ya yaɗu saboda ko wanda bai yi boko ba yana iya karanta shi da ido.

A tsakiyar shekarun 1990, wajen 1995, cibiyar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta tara masana, kuma a 1998 Robert Goodman da abokansa suka wallafa fannoni goma na ƙarfin al'umma. Har da sanin tarihin gari da jin cewa "mu ɗaya ne" suka sa a ciki, abubuwan da ba su shiga takardar kasafin kuɗi amma su ne ke riƙe aikin gayya. Glenn Laverack, wanda ya yi aikinsa a ƙauyukan Fiji, ya tsaya kan fannoni tara. Ɗaya daga cikinsu shi ne iya tambayar "me ya sa": mutanen da suka wuce neman maganin gudawa suka fara tambayar dalilin lalacewar rijiyarsu sun hau wani mataki dabam.

A Kanada an kai awon cikin ofisoshin da ke raba kuɗin gwamnati. Reshen Alberta na hukumar lafiyar jama'a ta ƙasar ya jagoranci tsara takardar tambayoyi mai fannoni tara, aka wallafa bayaninta a 2007. Ƙungiyar da ta karɓi tallafi ita ke zama ta auna kanta a mataki huɗu: mun fara, muna kan hanya, mun kusa, mun iso.

Yadda ake amfani da shi

Yawanci ana yin awon a farkon shiri, a maimaita daga baya a kwatanta.

Saɓanin masana

Wasu na ganin ƙarfin al'umma tsani ne kawai zuwa ga lafiya, wasu na ɗaukar sa a matsayin buri mai zaman kansa. Akwai kuma ƙorafin cewa ƙungiyar da ke jiran tallafi na gaba za ta iya ƙara wa kanta maki, kuma waɗanda ke halartar zaman awon sau da yawa masu faɗa-a-ji ne, ba mata da talakawan gari ba.