Birni mai ƙuri'a, marar mazaɓa: waiwaye kan wakilcin Damagaram

Tun da aka rusa jam'iyyun siyasa a Nijar a watan Maris na 2025, hirar fadojin Damagaram ta sake salo. A da gardamar wa zai ci ake yi. Yanzu da babu takara, sai aka koma kan tambayar da ta fi wuya: ranar da zaɓe ya dawo, yaya za a raba kujerun majalisar dokoki? Kusan duk inda aka tayar da maganar, a gindin mai shayi ne ko a zauren WhatsApp na 'yan unguwa, sai ka ji wani ya ce birnin nan bai taɓa samun mai tsaya masa a majalisa ba. Nan take wani zai taso masa da lissafi, ya tuna masa cewa Mahaman Usman ɗan garin nan ya yi shugaban ƙasa daga 1993 zuwa 1996, ya kuma shugabanci majalisar kanta shekara goma daga 1999, ban da sauran 'yan majalisa haifaffun unguwannin Birni da Zango. Su biyun duk gaskiya suka faɗa, shi ya sa gardamar ba ta mutuwa.

In aka nemi mafarin abin, bakin kowa 1926 yake zuwa. Labari ne da ko ɗan makaranta ya haddace: daular da Sarki Tanimun ya ƙarfafa da ganuwa da igwa, kashe hafsan sojan Faransa Kazamaju a 1898, yaƙin Tirmini da shigowar Faransawa a 1899, tuɓe sarki a 1906, sannan garin ya zama mazaunin mulkin ƙasar daga 1911 har aka mayar da shi Yamai a 1926. Daga nan a tsallaka zuwa jam'iyyar Sawaba, yadda ta yi ƙarfi a nan, yadda aka soke kujerun da ta ci a Damagaram da Tasawa a zaɓen Disamban 1958, aka kuma haramta ta a 1959. Bayan haka sai zamanin jam'iyya ɗaya da na soja, lokacin da ba a tambayar wa ke wakiltar wa, domin jeri ɗaya ake kawowa a ce a amince.

Duk wannan ya faru, kuma ya bar tabo a zukata. Amma tabon zuciya daban, lissafin kujeru daban. Ɗauke hedikwata bai hana a yi wa birni mazaɓa ba. Abin da ya yanke wannan hukunci ya zo ne shekara sittin da 'yan kai bayan haka, cikin 'yan layuka na dokar zaɓe, a daidai lokacin da hankalin mutanen gari yake wani wuri.

Babban taron ƙasa ya zauna daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba 1991. Aka yi riƙon ƙwarya, aka amince da sabon tsarin mulki a ƙuri'ar raba gardama ta 26 ga Disamba 1992, aka sa zaɓen 'yan majalisa 14 ga Fabrairu 1993. Kujeru 83 ne. An ware 8 ga mazaɓu na musamman domin ƙananan ƙabilu, inda wanda ya fi ƙuri'a shi ke ɗauka. Sauran 75 aka raba su ga manyan mazaɓu 8, wato jihohi bakwai da birnin Yamai, kowace jam'iyya ta kawo jerin 'yan takara, a ba ta kujeru gwargwadon ƙuri'un da ta samu a jihar baki ɗaya. Ma'anar wannan a nan gida ita ce, mazaɓar da ake kira Zinder, wato Damagaram, ba garin ba ne. Ta taso daga iyakar Najeriya a kudancin Magarya, ta ratsa Kance da Mirya, ta haura Damargu, ta miƙe gabas har bayan Gure. Garin da sunan ya fito daga gare shi ɗigo ne a cikinta.

Masu wannan tsari suna da dalilansu, kuma ba dalilan banza ba ne. Ƙasa ta fito daga shekaru talatin na baki ɗaya, jam'iyyu sun tsiro kamar ciyawar damina, arewa na cikin tawaye. Ana tsoron in aka yanka ƙananan mazaɓu, kowace za ta zama gonar gidan sarauta ko ta attajiri guda, babbar jam'iyya kuma ta share kujeru da rinjayen da bai taka kara ya karya ba. Rabon daidai-gwargwado ya ba ƙanana damar shiga zauren. A zaɓen farko ma an ga amfaninsa: jam'iyyar MNSD ta zo da kujeru 29, CDS-Rahama ta Mahaman Usman da 22, babu wadda ta isa ta yi mulki ita kaɗai, sai da aka ƙulla ƙawance.

To me ya sa ba a ji ƙorafi a Damagaram a lokacin ba? Domin wata guda da 'yan kwanaki bayan haka, ranar 27 ga Maris, ɗan gari ya ci zaɓen shugaban ƙasa. Wa zai tsaya karanta sashen doka ana kiɗa a ƙofar gidansa? A shekarun nan, jiha da birni da jam'iyya sun zama kamar abu guda a idon mutane. Wanda ya jefa ƙuri'a a unguwar Garin Malam bai damu da sunan da ke cikin jeri ba, alamar ya sani, kuma ya yarda cewa alamar tasa ce. Jam'iyya ta rufe gurbin da mazaɓa ta bari, har aka manta akwai gurbin. Haka aka tafi a 1999, haka ma a 2004, lokacin da kujerun majalisa suka ƙaru zuwa 113 kuma CDS ta riƙe 22.

Sai a dubi yadda abin ya kasance a hannun mai zaɓe kafin a rusa majalisa a 2023. Ba ya zaɓen mutum. Ba shi da ikon ya ɗaga sunan wanda yake so ko ya goge na wanda ya ba shi haushi. Ƙuri'arsa ta unguwar Kara-Kara ana zuba ta kwando ɗaya da ta Dungas da ta Belbeji, a ƙirga, a ce jam'iyya kaza ta samu kujeru kaza. Wane ne daga cikin jerin zai zauna a kansu, wannan magana ce ta cikin gidan jam'iyya. Tsarin mulkin 2010 ya ƙara fayyace matsayin: ɗan majalisa wakilin ƙasa ne gaba ɗaya, ba a ɗaure shi da umarnin masu zaɓe, in kuma ya fice daga jam'iyyarsa da kansa kujerar ta koma hannun mataimakinsa. Mutum ne mai hankali. Ya san ƙofar da ya shigo ta ita, ya san wadda za a iya fitar da shi ta ita, kuma babu ɗaya daga cikinsu da ke unguwarku. Ba sai an ce kowa mugu ne ba kafin a fahimci inda zai fi kai gaisuwa.

Yanzu a kawo ƙidaya, domin a nan ne hoton yake fitowa sosai. A 1977 mutanen garin ba su kai 60,000 ba. Farin 1973 zuwa 1974 da na 1984 sun koro jama'a daga karkara, unguwanni suka yi ta faɗaɗa a bayan tsohon Birni da Zango da Sabon Gari, har ƙidayar 1988 ta samu kimanin 120,000, ta 2001 kuma kimanin 170,000. A 2012 birnin da gundumominsa biyar ya kai kusan 323,000. Wanda yake ciki yana ganin gari ya cika ya batse, sai ya ɗauka nauyinsa a siyasa ma ya ƙaru. Ina! Jihar ta tashi daga wajen miliyan 1.4 a 1988 zuwa fiye da miliyan 3.5 a 2012. Karkara tana haihuwa kamar yadda birni yake karɓar baƙi, saboda haka rabon birni bai taɓa kai kashi ɗaya cikin goma ba. Magarya da Mirya kowace ta wuce rabin miliyan. Ko Dungas, wadda sai a 2011 aka ɗaga ta ta zama gunduma mai kanta, ta ɗara birnin yawan jama'a.

Da aka ƙara kujerun majalisa zuwa 171 gabanin zaɓen 2016, jihar Damagaram ta samu 32, mafi yawa a ƙasar. Abin alfahari ne a bakin masu jawabi. Amma in ka raba su bisa yawan jama'a, abin da zai faɗo wa birni bai wuce uku ba, kuma ukun nan ba a rubuta su a ko'ina ba. Jam'iyyar da ta ci kujeru biyar ko shida tana da gundumomin jihar goma da za ta lallasa, ga kason mata da doka ta ɗaga zuwa kashi 25 cikin ɗari a 2019, ga waɗanda suka ɗauki nauyin kamfe. Birni yana iya fitowa da huɗu a wannan zaɓe, ya tashi da ɗaya a na gaba, ba tare da ko mutum guda ya canza ra'ayi a cikinsa ba. Yamai, da yake ita jiha ce da kanta, ta samu kujeru 10 nata ba gardama. Tesker kuwa, wadda mutanenta ba su kai 40,000 ba a 2012, an ware mata kujerarta ta musamman tun 1993, kuma kowa a can ya san sunan wanda ya zaɓa. Ban ga laifin wannan ba ko kaɗan, hakkinsu ne. Na kawo shi ne don a ga cewa dokar ta san amfanin mutum ya san wakilinsa, sai dai ba ta ga birane irin Damagaram da Maraɗi suna bukatar haka ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma ranar ta zo a 2011. Jerin 'yan takara na jam'iyyu da dama sun faɗi a jihohi daban-daban tun kafin a je rumfa, saboda sharuɗɗan takardu, kuma jeri in zai faɗi gaba ɗaya yake faɗuwa. CDS ta sauko daga kujeru 22 zuwa 3 a duk faɗin ƙasa, daga baya kuma ta rabu gida biyu. Mutanen gari suka waiwaya ba su ga rumfar da suka saba fakewa ba. A 2021 Mahaman Usman ya sake kaiwa zagaye na biyu na zaɓen shugaban ƙasa a ƙarƙashin jam'iyyar RDR-Canji, ya samu sama da kashi 44 cikin ɗari, amma jam'iyyar kujeru 7 kacal take da su a majalisa. Tun daga waɗannan shekaru ne kalmar "ba mu da kowa" ta yi ƙarfi a bakin matasa, har wasu suka ɗauka sabon abu ne. Gurbin yana nan tun 1993, abin da ya rufe shi ne ya yaye.

Maganar ruwa ta fi komai nuna bambancin. Garin yana zaune kan dutse, ruwan da yake sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya a kudu, daga Arunguza da Ganaram a arewa. In bazara ta yi tsanani, famfo ya ɗauke, 'yan ga-ruwa su ɗaga farashin jarka, matsalar ta birni ce tsantsa. Manomin Kance damuwarsa taki da kasuwar rake, makiyayin Tanut rijiya da burtali. Ɗan majalisar da ƙuri'unsa tara cikin goma daga wajen gari suka fito, ko da a Birni aka yanke masa cibi, in ya tashi magana dole ya auna. An samu magajin gari da kansiloli, gaskiya ne, tun zaɓen ƙananan hukumomi na 2004, kuma a 2010 aka ba garin matsayi na musamman. Sai dai kasafin kuɗin ƙasa ba a zaurensu ake yanka shi ba, su ma ɗin an rusa majalisunsu a 2024.

Masu son a yi wa birni mazaɓarsa suna yawan kawo misalin Kano, inda Dala da Fagge da Gwale da Tarauni kowace take da ɗan majalisar tarayya da aka sani da suna. Duk wanda ya kwana biyu a can ya san hakan bai sa famfo ya kawo ruwa ba, kuma takarar mutum da mutum tana da nata tsada da nata rigima. Akwai kuma tsoron da dattawa suke faɗa a hankali, cewa in aka ja layi a cikin gari, tsohuwar gasar Birni da Zango za ta farka da sabuwar riga. Wasu na ganin a bar rabon daidai-gwargwado yadda yake, a dai rage girman mazaɓa zuwa gunduma, birni ya tsaya a matsayin guda mai kujeru uku ko huɗu. Ni ma nan na fi karkata, ko da yake na san ƙananan jam'iyyu ne za su biya kuɗin sabulu, domin inda kujeru uku ne kawai mai kashi goma cikin ɗari ba ya samun komai.

Ko an yarda da wannan ma, da sauran aiki. Alƙaluman da ake riƙe da su na 2012 ne, yaran da aka haifa a shekarar a 2030 za su isa jefa ƙuri'a. Sannan gunduma ta biyar ta birnin, wajen Baban Tapki, yawancinta ƙauyuka ne da gonaki, kuma sai an zauna an yanke ko da su za a ƙirga birnin ko ban da su.