Ba Kowane Ciwon Ciki Ne Olsa Ba

Iyayena mata na Gombe, wallahi na gaji da jin "olsa ce". A kawo yaro ɗan shekara 10 ya dunƙule ya rungume gwiwoyinsa, ciwo a saman cibiya yana ratsawa har gadon baya, da ya ci ƙosai ko awara sai abin ya motsa. In tambayi uwa tun yaushe, ta ce ai an daɗe, irin ta babansa ce. Wa ya auna shi? Mai kemis. Haba Hajiya!

Maganar nan da kike faɗa a wuce, "irin ta babansa", ita likita ke nema. A bayan tumbi akwai tsokar da ake kira fankiriyas, mai fitar da ruwan narkar da abinci da kuma insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini. In ta kamu da ciwo, tana kumbura ta yi ta lalacewa a hankali. Wani giya ko taba ce ta jawo masa, wani kuwa gado ya yi. A 1996 masu bincike a Pittsburgh ta Amurka suka gano canji a ƙwayar gado mai suna PRSS1, wanda ke sa ruwan narkewar ya fara cin tsokar kanta. In uba ko uwa na ɗauke da shi, kowane ɗa na iya ɗauka ko ya tsira, rabi da rabi, kuma kusan 80 cikin 100 na waɗanda suka gaji canjin, ciwon kan bayyana gare su, galibi tun suna yara. Akwai kuma canji a wasu ƙwayoyin gadon, SPINK1 da CFTR, mai ƙara haɗari.

Na san tausayi ne ke kai ku kemis, ba sakaci ba. Amma shekaru ana ɗirka wa yaro maganin olsa da jiƙon kanwa, yana ramewa, bayan gidansa na maiƙo yana yawo a saman ruwa, har ciwon suga ya shigo, ku kuna nan kuna cewa olsa!

Don Allah: ciwon da ke dawowa, a zo asibiti. A faɗi duk mai irinsa a dangi, kada a ɓoye. A yi hoton ciki da gwajin suga, in an tura ku Asibitin Koyarwa na Tarayya ku je. A rage maiƙo. Samarin gidan su bar taba da shisha da giya, domin taba na gaggauto da kansar fankiriyas ga mai wannan gadon. Tiramol kuwa, kada a saya sai likita ya rubuta.