Waiwaye: daga injin Marina zuwa solar kan rufin kasuwa

Duk wanda ya kwana a Agege ko Idi-Araba ya san ƙarar janareta ita ce kiɗan dare a Legas, har kunne ya saba, sai ran da aka kawo wuta unguwa ta yi tsit sannan mutum zai tuna ashe haka dare yake. Yanzu da ake ta maganar minigirid, wato ƙaramin layin wuta na unguwa ɗaya ko kasuwa ɗaya mai tashar kansa, wasu na ɗauka sabon abu ne da aka kwaso daga waje. Ni kam a ganina da shi aka fara ma.

A 1896 aka kunna wutar lantarki ta farko a ƙasar nan, a nan Marina cikin Legas, kuma ƙarfinta bai wuce kilowat 60 ba, abin da a yau otal matsakaici ɗaya zai shanye. Fitilun titi da gidajen Turawan mulki kawai take ba wuta. A 1923 aka buɗe tashar Ijora mai aiki da kwal. Can arewa kuma kamfanin NESCO ya kama aiki a 1929 yana samar da wuta daga ruwan Kura a Filato saboda masu haƙar kuza. Kowane gari da injinsa, ba wanda ya rataya a wuyan wani.

Daga baya ne aka ce a haɗa komai wuri guda. Aka kafa hukumar lantarki ta ƙasa, ECN, a farkon shekarun 1950, aka kafa hukumar madatsun Kogin Neja a 1962, aka gama Kainji a 1968, sannan a 1972 aka haɗe hukumomin biyu suka zama NEPA, sunan da har gobe yara ke kira da ƙarfi in fitila ta kama. Tunanin ba laifi ba ne fa, babbar tasha wutarta ta fi araha, kuma tashar Egbin da ke kusa da Ikorodu mai megawat 1,320 da aka gina a tsakiyar shekarun 1980 babban aiki ce ko a yau. Matsalar ita ce jama'a na ta ƙaruwa, layuka da taransifoma na tsufa, gyara kuma sai an ga dama. Ƙasa mai mutum sama da miliyan 200 tana raba megawat dubu huɗu zuwa biyar a yawancin ranaku, to ina za a kai?

Legas ta daɗe tana son fita daga wannan igiyar. Tun farkon mulkin Tinubu yana gwamna aka shigo da injinan wuta na kan jirgin ruwa kusa da Egbin, amma doka ta ce wutar sai ta bi ta babban layin ƙasa, aka yi ta kai ruwa rana da gwamnatin tarayya a kan kuɗin. Zamanin Fashola sai jihar ta sake dabara, ta gina ƙananan tashoshi masu aiki da gas don kanta, ta Akute saboda gidan ruwa, ta cikin Ailan saboda asibitoci da kotuna, ta Alausa saboda sakatariya. Sun yi aiki, amma ma'aikatun gwamnati suka haska, tela a Agege bai gani a ƙasa ba.

A tsakani an yi dokar gyaran harkar wuta ta 2005 wadda ta haifi NERC, hukumar da ke sa ido kan harkar wuta, ta mai da NEPA zuwa PHCN, sai Nuwamban 2013 aka sayar, kamfanonin rarrabawa 11, biyu daga ciki a Legas, Eko da Ikeja, layin dakon wuta kuma ya zauna a hannun gwamnati. Suna ya canza, lalacewar babban layi ba ta daina ba. 'Yan uwanmu na gida ba za su manta Oktoban 2024 ba, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, na Ugwuaji zuwa Apir da aka koma kansa shi ma ya yanke, jihohin arewa da dama suka yi kwana da kwanaki a duhu, mu nan muna kira waya a kashe saboda ba caji. Layi biyu suka yanke, yanki guda ya tsaya, wannan kaɗai ya ishe ni hujja.

Ƙofar minigirid ta buɗe ne sosai da NERC ta fitar da ƙa'idojinsa na 2016, waɗanda suka ba mutum damar kafa tasha har megawat ɗaya ya sayar wa jama'a kai tsaye. Yadda yake aiki ba wuya, faifan sola a kan rufi, batir na tara wutar rana, inbata na juya ta zuwa irin wadda fanka da firiji ke sha, janareta ko gas na jiran ko-ta-kwana, kowane shago da mitarsa ta kati. Wani yana zaman kansa ne, wani kuma a jone yake da babban layi, in an kawo ya karɓa in an ɗauke ya ci gaba da nasa. Hukumar samar da wuta a karkara, REA, ta gwada shi a kasuwanni, Sabon Gari a Kano, Ariaria a Aba, Sura da Iponri a nan Legas.

Abin da ya sa maganar ta yi zafi yanzu aljihu ne. An cire tallafin fetur a 29 ga Mayun 2023, janareta ya zama ciwo, sai kuma Afrilun 2024 aka kai kuɗin wutar 'yan rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awoyi da yawa, naira 225 kowane yunit. A 2023 ɗin dai aka gyara tsarin mulki aka kuma sa hannu a sabuwar dokar lantarki, jihohi suka sami ikon samar da wuta da rarraba ta, gwamna Sanwo-Olu ya sa hannu a dokar Legas a Disamban 2024. Bankin Duniya ma ya amince da dala miliyan 750 don irin waɗannan ayyuka a faɗin ƙasa.

Inda nake da damuwa shi ne wa za a fara kaiwa. Mai gida a Lekki ya riga ya sa solarsa, mu kuwa yawancinmu 'yan haya ne, rufin ba namu ba ne, ɗaki ɗaya ne, kuma batir mai kyau kuɗinsa ba na wasa ba ne, ga damina a Legas sai a yi kwana uku rana ba ta fito sosai ba. Shi ya sa na haɗaka ya fi dacewa da mu. Ka duba kasuwar Mile 12, tumatur da tattasai sun yi tafiyar kwanaki daga Kano da Katsina su zo su ruɓe a kwando don ba ɗakin sanyi isasshe, ka duba mahauta a abatuwar Oko-Oba, da masu markaɗe da masu cajin waya da masu sayar da ƙanƙara. Waɗannan mutane kullum suna biyan kuɗin wuta mai tsada ta hanyar fetur, ba kyauta suke nema ba. Kasuwanninmu suna da sarakuna da shugabanni da ƙungiyoyi da ke tara kuɗin shara da na gadi duk wata, to su ne ya kamata su zauna da masu kafa minigirid tun kafin a kafa, a yi maganar farashin yunit, da wanda zai canza batir in ya mutu, da abin da zai faru in kamfanin ya tattara kayansa ya tafi.