Waiwaye: Hannun Kubica da doguwar hanyar komawa fagen tsere

Ranar Lahadi 15 ga Yunin 2025, wajen ƙarfe uku na rana agogon Nijar, wata Ferrari rawaya mai lamba 83 ta riga kowa tsallake layi a tseren awa 24 na Le Mans, a Faransa. Mu nan Damagaram muna ƙarƙashin rumfar fadarmu ta unguwar Zango, mutum biyar mun duƙufa kan waya ɗaya, shayi na biyu na tafasa a gawayi. Da aka nuno direban ya fito daga mota, ƙanena ne ya fara lura da hannunsa na dama, siriri, a ɗan shanye, bai kai na hagu kauri ba. Ɗan kabu-kabu ne, shi ma ya taɓa karyewa a tsintsiyar hannu, shi ya sa idonsa ke zuwa nan kafin ko'ina. Ya ce: "Yaya, da wannan hannun ya kwana yana tuƙi?"

Da shi ya kwana. Direban shi ne Robert Kubica, ɗan ƙasar Poland, yana da shekara 40 a ranar. Nan take gardama ta kaure a fada. Wasu suka ce ai tun 2019 ya dawo Formula 1, babbar gasar tseren motoci ta duniya, bayan hatsarin da ya lalata masa hannun a 2011, wasu suka ce abin da ya yi a 2019 ba dawowa ba ce, rakiya ce. Ni ina ganin gardamar ba za ta warware ba sai an koma baya, don kalmar "dawowa" a wannan sana'a ba ma'ana ɗaya gare ta ba.

Wanda kowa ke fara ambata shi ne Niki Lauda, ɗan Ostiriya, direban Formula 1. Ranar 1 ga Agustan 1976 Ferrarinsa ta kama da wuta a filin Nürburgring na Jamus. Ya ƙone a kai da fuska, ya rasa mafi yawan kunnensa na dama, hayaƙi ya lalata masa huhu, har aka kira limamin coci ya yi masa addu'ar bankwana. Kwana 42 bayan haka sai ga shi a Monza ta Italiya, kai a naɗe da bandeji, ya kuma zo na huɗu. Kambun shekarar ya kuɓuce masa da maki ɗaya tak, ya tafi hannun James Hunt, amma ya karɓo shi a 1977, ya sake a 1984. Labarin Lauda ne ya ɓata wa mutane lissafi. Tun daga nan ake ɗauka jarumta ita ce saurin tashi daga gadon asibiti. Sai dai wutar ba ta taɓa masa hannu ko ƙafa yadda za su ƙi aiki ba. Abin da ya yi yaƙi da shi zafi ne da tsoro.

Na biyun ya fi kusa da mu, don ƙurarsa ta tashi a ƙasarmu. Ari Vatanen, ɗan Finland, zakaran duniya ne na tseren rali, wanda ake yi a kan hanyoyin gari da na daji, a 1981. A 1985 motarsa ƙirar Peugeot ta yi ta wuntsilawa da shi a Ajantina, ya sha da ƙyar. Jinyar jiki ta haɗu da ciwon damuwa mai tsanani, ya yi kusan shekara ɗaya da rabi ba ya fage. Da ya tashi, sai ya shiga tseren Paris-Dakar na 1987, wanda ya ratsa Tenere da Agadas, ya kuma lashe shi. Ya ƙara a 1989 da 1990 da 1991. Akwai wani dattijo a fadarmu, tsohon direban kamyo da ya ci shekaru yana bin hanyar Damagaram zuwa Agadas ta Tanut. In aka taɓo zancen Dakar sai ya gyara zama. Ya ce mini: "Ɗana, mu da muka san rairayi mun san wanda ke tsoron mota ba ya ƙetare Tenere. Ko ka taka mai, ko ta nutse da kai." Bai san sunan Vatanen ba, motocin kawai yake tunawa, da yadda yara ke bin ƙurarsu.

Akwai kuma Alex Zanardi na Italiya, wanda hatsari ya raba shi da ƙafafunsa biyu a filin Lausitzring na Jamus a watan Satumban 2001. Ya koma tsere da motar BMW da aka mayar wa totur hannu, ya ci tsere da ita, daga baya ya ɗauki zinare a gasar nakasassu ta London a 2012 da keken hannu. Shi ne ya nuna cewa in jiki ya canza, ana iya canza mota ta bi jikin.

To, ina Kubica ya faɗo a cikin waɗannan?

An haife shi a Krakow a 1984. Shi ne ɗan Poland na farko da ya shiga Formula 1, a 2006, da ƙungiyar BMW Sauber, kuma a tserensa na uku ya hau dandamalin ukun farko a Monza. A 2007 ya daki bango a Montreal ta Kanada da gudun da ya doshi kilomita 300 a awa. Motar ta yi raga-raga har ana hango ƙafafunsa, amma da sauran shan ruwansa: targaɗe a idon sawu da ɗan buguwa a kai kawai ya samu. Tsere ɗaya ya rasa, kuma yaron da ya riƙe masa kujera a ranar shi ne Sebastian Vettel, wanda daga baya ya zama zakaran duniya sau huɗu. Shekara na zagayowa Kubica ya koma filin nan na Montreal ya lashe tseren. Wannan ce nasararsa tilo a Formula 1.

Abin da ya karya shi ba a Formula 1 ya same shi ba, kuma wannan ne ke ci wa masoyansa rai har yau. Yana ƙungiyar Renault a lokacin, kwanaki kaɗan kafin nan shi ya fi kowa sauri a gwajin sababbin motoci a Valencia. Rali sha'awa ce kawai yake yi a gefe. Ranar 6 ga Fabrairun 2011, a wani ƙaramin rali da ake kira Ronde di Andora a arewacin Italiya, motarsa Skoda Fabia ta zame ta daki shingen ƙarfe na gefen titi. Maimakon shingen ya tare motar, sai bakinsa ya huda ta gaba ya ratsa ciki kamar tsinken tsire. Mai karanta masa hanya, Jakub Gerber, ya fito lafiya lau. Kubica kuwa ya fi awa guda a maƙale kafin a zaro shi. Ƙarfen ya kusa guntule masa hannun dama, ga karaya a gwiwar hannu da kafaɗa da ƙafa, ga jini ya zuba sosai. Likitoci a asibitin Santa Corona da ke Pietra Ligure sun shafe kimanin awa bakwai a tiyatar farko, suna ɗinke jijiyoyi don kada a yanke hannun. Wasu tiyatocin sun biyo baya. Shekaru bayan haka ya faɗa da bakinsa cewa ya riga ya sa hannu a yarjejeniyar komawa Ferrari a 2012.

Nan ne labarinsa ya rabu da na Lauda. Hannun ya tsira, amma bai koma yadda yake ba. Yatsun ba su da cikakken ƙarfi, kuma hannun ba ya murɗawa daga gwiwa zuwa tsintsiya yadda ya kamata. Ku gwada da kanku: ku manna gwiwar hannu a haƙarƙari, ku juya tafin sama da ƙasa kamar mai juya waina. Wannan motsin ne ya rasa. In zai karya kwana sai ya buɗe gwiwar hannu waje, ya juya da kafaɗa. A motar rali akwai fili. A motar Formula 1 kuwa mazaunin direba kamar akurki yake, kafaɗa da kafaɗa a matse, ba inda gwiwa za ta je. Matsalarsa ta 'yan santimita ce, ba ta zuciya ba. Ƙanena ya fahimci wannan fiye da mu duka. Maɗori ya ɗora masa karayar, ƙashi ya kama, amma totur ɗin moto a dama yake, kuma murɗawa ake yi. Wata uku ya yi yana murɗa shi da dukan hannu har kafaɗa na ciwo.

Kamar hakan bai isa ba, a Janairun 2012 Kubica ya zame a kan ƙanƙara ya sake karya ƙafar. Duk da haka a Satumbar shekarar ya shiga wani ƙaramin rali a Italiya ya lashe. A 2013 ya zama zakaran rukuni na biyu na ralin duniya da motar Citroën, bayan hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, ta amince a mayar masa da abin canza giya gefen hagu na sitiyari. Shekarun da ya yi a babban rukuni bayan nan ba su yi armashi ba. Sauri akwai, amma yawan faɗawa rami da kifewa sun hana shi tara abin kirki.

A 2017 ƙofar ta ɗan buɗe. Renault ta ba shi tsohuwar mota a Valencia ya yi zagaye 115, sannan ta ba shi ta shekarar a Hangari ya yi 142, wato nisan tsere biyu a yini ɗaya. Ya kuma ci jarrabawar da ake yi wa kowane direba, ta fitowa daga mota cikin daƙiƙa biyar in wuta ta tashi. Renault ba ta ɗauke shi ba. Williams ta mayar da shi direban ko-ta-kwana a 2018, sai a 2019 ta ba shi kujera. Kada a ɓoye, kuɗi sun taimaka: kamfanin mai na Poland, Orlen, ya tsaya masa. A wannan wasa gwaninta kaɗai ba ta sayen kujera, ko ga mai hannu biyu lafiyayyu.

Ranar 17 ga Maris 2019 ya tsaya a layi a Melbourne ta Ostireliya, shekara takwas da 'yan watanni bayan tserensa na ƙarshe. Shi da kansa ya ce kusan kashi 70 cikin 100 na tuƙinsa da hagu yake yi. Amma motar Williams ta wannan shekara ita ce kurar baya. Ba ta ma iso gwajin share fage na Barcelona a kan lokaci ba. Kamar a ba gwanin mahayi jaki ne ranar hawan sallah a ce ya yi sukuwa a ƙofar fadar Sultan. Maki ɗaya ƙungiyar ta samu a duk shekarar, kuma Kubica ne ya kawo shi, a tseren Jamus da aka yi cikin ruwan sama, bayan an hukunta motocin Alfa Romeo biyu ya haura na goma. Masu cewa rakiya ya yi suna da hujjarsu su ma: abokin tuƙinsa, matashi George Russell, ya fi shi sauri a gwajin neman layin gaba a duka tsere 21. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ba na jin mota kaɗai za a ɗora wa laifi. Ƙarshen shekara suka rabu. Ya koma ko-ta-kwana a Alfa Romeo, inda ya yi tsere biyu a 2021 lokacin da korona ta kama Kimi Räikkönen.

Da labarin ya tsaya nan, da 'yan gardamar fadarmu sun raba gaskiya biyu. Sai ya juya ga tseren dogon zango, inda direba uku ke karɓa-karɓa a mota ɗaya, inda haƙuri da sanin lallaɓa taya da mai suka fi zafin ƙafa amfani. A 2021 ya je Le Mans karon farko a rukuni na biyu da ƙungiyar WRT. Suna kan gaba bayan kusan awa 24, a zagayen ƙarshe motar ta mutu a tsakiyar hanya. Ta leƙo ta koma. A shekarar dai suka ci kambun Turai, a 2023 ya ci na duniya a wannan rukuni, a 2024 kuma ya shiga Ferrari 499P ta ƙungiyar AF Corse, a babban rukuni. Ferrarin da ya sa wa hannu kafin hatsari ta zo, bayan shekara goma sha biyu, ta wata ƙofar, kuma rawaya ce ba ja ba.

A tseren 2025 shi da Yifei Ye ɗan Sin da Phil Hanson ɗan Ingila sun yi zagaye 387 a filin da tsawonsa ya ɗara kilomita 13 da rabi. In aka lissafa ya haura kilomita 5,200, kusan Damagaram zuwa Yamai sau shida, a kwana ɗaya da yini ɗaya. Bayan duk wannan nisa, tazarar da ke tsakaninsu da Porsche da ta zo ta biyu daƙiƙa 14 ce. Kubica ne ya fi sauran biyun daɗewa a sitiyari, shi ne kuma ya riƙe motar a awannin ƙarshe. Ya zama ɗan Poland na farko da ya lashe tseren gaba ɗaya, Ye kuma ɗan Sin na farko.

Ni dai a gardamar ina ɓangaren masu cewa 2019 dawowa ce, ko da ta zo ba daɗi, don ba wanda ya taɓa zaton hannun nan zai sake shiga akurkin Formula 1. Amma ranar da ya sake zama direban da abokan hamayya ke shakka, ita ce ta Le Mans, shekara goma sha huɗu da wata huɗu bayan Andora. Dattijon kamyo bai yarda da ni ba, bai kuma yarda da su ba. Ya ce shi ba ya kiran mutum direba sai ya ga ya fid da mota daga rairayi da shebur da faranti, ba makanike ko ɗaya a kusa.

Ana cikin haka wayar ƙanena ta yi ƙara, wata hajiya ce ke jiransa a Kasuwar Dole. Ya shanye shayinsa a tsaye, ya sa hular kwano, ya buga moto. Na lura har yanzu in zai murɗa totur sai ya ɗan ɗaga gwiwar hannu waje.